Tawken Kuza da Sunan Ƙanena

Shekarar da Mama ke da cikin ƙanena aka ɗauko mana Iya daga Bukuru. A unguwar Setapak ta Kuala Lumpur, a Malesiya, muke zaune lokacin, cikin wani dogon bene da ɗaliban Afirka suka cinye rabinsa. Abba yana fama da digirinsa na uku, ni ina 'yar firamare, ƙanwata Ummi ko makaranta ba ta shiga ba. Iya mahaifiyar Abba ce, shi ne kuma ɗanta na fari, don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Kai" take ce masa, in ranta ya yi fari ta ce "ɗan boko".

Tun daga filin jirgi ta fara mita. Ruwan garin ba ya sallama kafin ya sauko, shinkafarsu ba ta riƙe ciki, jikokinta kuma an mayar mata da su Turawan ƙarya. Ta ce min, "Dije, kin wuni lafiya?" Na ce, "Fine, Iya." Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya wajen Mama ta ce, "Wannan kuma a wace kasuwa kuka sayo ta?"

Abu na farko da ta nema shi ne gawayi. Abba ya zauna ya yi mata dogon bayani, cewa an hana hura wuta a benen, akwai ma wata na'ura a silin da ke kurma ihu in ta shaƙi hayaƙi. Iya ta saurare shi tsaf har ya gama. Kashegari ta ja ni kasuwar dare muka sayo ɗan kaskon ƙasa, irin wanda 'yan garin ke gasa tsirensu a kai. Daga ranar, da an idar da magariba sai ta fitar da shi baranda, ta hura gawayi kaɗan, ta barbaɗa turare, in an samu masara ta ɗora. Garin da gumi ke tsiyaya ko kana zaune, amma Iya sai ta miƙa tafin hannu tana jin ɗumi. Ta ce ita tatsuniya ba ta fito mata a gaban fanka.

A falonmu akwai wani hoto da Abba ke ji da shi. Wani dattijo ne cikin babbar riga, da rawani, da sanda mai kan azurfa: Alhaji Mamuda Mai Kuza, mahaifin Iya. Duk baƙon da ya shigo sai Abba ya nuna masa. Shi ne ya fara rufin kwano a unguwarsu, shi ya sa 'ya'ya da jikoki a boko tun mutane na gudu. Kuma Abba ya riga ya yanke magana, in Allah ya kawo namiji to sunansa Mamuda. Mama ta ce amin, abokan Abba suka ce amin. Iya kaɗai ce ba ta taɓa cewa amin ba. Da an ɗauko zancen sai ta tuna ta bar wani abu a kicin. A wajenmu kuwa, a yi wa mace takwaran mahaifinta ba ƙaramar karramawa ba ce, don haka har Mama sai da ta tambayi Abba ko ya yi wa Hajiya wani laifi ne.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwar 'yar Sin ce da yaran benen ke kira Popo, wato kaka. Siririya ce, bayanta ya ranƙwafa, kullum ƙofarta a buɗe saboda iska. Wata rana muna dawowa daga kedai, wato kanti, ni da Iya, sai Iya ta ja ta tsaya cak a bakin ƙofar matar. Kafin in ce wani abu ta cire takalmi ta faɗa ɗakin mutane. Na ce, "Iya, cannot lah!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Wani faffaɗan akushin itace ne rataye a bango, ya yi baƙi don tsufa. Iya ta sauko da shi, ta durƙusa, ta riƙe shi da hannu biyu, ta fara juya shi a hankali tana karkata bakinsa kamar mai zubar da ruwa. Popo ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya tana kallo. Can sai ta ajiye ludayin, ta durƙusa kusa da Iya, ta gyara mata gwiwar hannu. Iya ta ture hannunta ta nuna mata yadda ake yi a Bukuru. Tsofaffi biyu, ba mai jin yaren wata, suka kama gardama a kan wankin kuza har suna haki don dariya.

Ashe Popo da akushin nan ta yi ƙuruciyarta, tsaye cikin ruwa har gwiwa tana wanke ƙasa don ta tsinci baƙin yashin da ke kwanciya a ƙasan akushi. Iya ma haka ta taso tana gani a barikin ma'aikata, ita da ƙwarya ta koya. Ni na zama tafinta, da Malayancina na makaranta da na Popo mai gutsure-gutsure. A bakin Popo muka fara jin labarin Tawke, wato babban attajiri a bakin mutanen Sin na nan. Ba ta taɓa faɗar sunansa ba, Tawke kawai take cewa, kamar duniya ba a yi wani ba. Iya ta kwashe labarin ta kai gaban kaskonta, ta sa masa gishiri da yaji, ya koma tatsuniya.

"Ga ta nan, a jirgin ruwa ta iso muku," in ji Iya.

Ummi ta ce, "Okay."

"Okay ɗin gidanku! Ku ce ta sauko mu ji ta."

Muka ce ta sauko mu ji ta.

Wai an yi wani yaro a ƙasar Sin, yunwa ta koro shi daga ƙauyensu. Ya hau jirgin ruwa, daga shi sai ɗan wando da tabarma da kitso ƙwaya ɗaya har gadon baya. A cikin jirgin an cusa su kamar buhunan gyaɗa, wanda ya mutu a hanya a jefa wa kifi. Ya sauka a ƙasar nan lokacin Kuala Lumpur ba komai ba ce sai laka da sauro da bukkoki. Ya yi yaron kanti, yana shara yana kwana a kan buhu, ba ya cin komai sai farar shinkafa da busasshen kifi. Da ya tara ɗan abin hannu ya sayi ramin kuza. Ruwa ya zo ya cinye ramin. Ya sake saye, faɗan ƙungiyoyi ya tashi aka ƙone masa komai. Ya sake saye. Iya takan tsaya a nan ta juya masara ta ce, "Kun ji taurin kai, kamar na ubanku." A na ukun Allah ya buɗa masa. Ramuka suka yi yawa, leburori suka yi yawa, har Turawan mulki suna cire hula in sun shiga gidansa. Ya gina asibiti inda talaka zai kwanta kyauta, ya gina makaranta, ya sa ana dafa kunun shinkafa a ƙofar gidansa kowace safiya.

Ummi ta fi son wajen jirgin ruwa, ni na fi son wajen cire hula. Iya kuwa duk wannan sauri take yi ta wuce, don akwai inda take son zuwa. Wai wata rana Tawke ya zaga bayan barikin leburorinsa, sai ya tarar da karnuka suna tonon wani wuri. Ya ce mene ne wannan? Aka ce wani lebura ne ya mutu aka turbuɗe. Ya ce wane ne? Aka dubi juna. Wani ya ce Dogo ake ce masa, wani ya ce a'a, Dogo na nan da ransa. Mutum ya yi shekaru yana haƙa masa arziki, ba wanda ya san sunansa. Tawke ya koma gida ya kasa cin abinci, don ya tuna a jirgi ɗaya irin wannan shi ma ya zo. Sai ya sayi tudu guda sukutum, ya ce duk leburan da ya mutu ba shi da kowa, akwatinsa a wuyansa, kuma a kafa masa dutse a sassaƙa sunansa. Ƙanen mahaifin Popo yana kan tudun nan, duk shekara tana zuwa ta share masa ciyawa.

"Har da sunan ƙauyensu, Dije," in ji Iya, muryarta ta yi ƙasa. "Har da ƙauyen. Don in uwarsa ta biyo sawu, ta san inda za ta tsaya ta yi kukanta."

Daga nan sai ta karkaɗe zani ta ce, "Ta ƙare. Da na ce ƙurunƙus kan ɓera, to ɓeran benen nan sai ya jira lif ya hauro da shi." Mu yi dariya, a kira isha, a watse.

Ni fa labarin nan ya shige ni, amma ta wata ƙofa daban. Na lissafa a raina: Tawke mai kuza ne, Alhajinmu ma mai kuza ne, ashe mu ma jinin manya ne. Ranar da Popo ta kawo wa Mama lemo, na ja hannunta har gaban hoton, na buɗe baki da Malayanci na ce ga namu Tawken, Tawken Najeriya. Baiwar Allah ta haɗa tafin hannunta biyu ta sunkuya wa hoton har sau uku. Na juyo ina washe baki don Iya ta yaba min, sai na ga bayanta tana shiga banɗaki. Ta daɗe a ciki, famfo na zuba.

Da yamma na tambaye ta, "Iya, shi Alhaji wane asibiti ya gina?"

Ta ce, "Miƙo min maficin can."

Abba yana falo da kwamfutarsa, yana jin mu. Dama labarin ya ishe shi. Ya leƙo ya ce, "Hajiya, don Allah ki rage cika yaran nan da yabon mutumin nan. Na karanta tarihin irinsu. Turawa ne suka ba su lasin sayar da ofiyom, abin mayen nan da ake zuƙa a lofe, da lasin gidajen caca. Ya biya lebura da safe, da yamma ya karɓe abinsa ta taga. Da kuɗin ya gina asibitin."

Iya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Matar ta faɗa min, 'yarka ce ma ta fassara."

"To kin gani."

"Ai don na gani nake ba da labarinsa. Da waliyyi ne me ya haɗa ni da shi?"

Abba ya rasa inda maganar ta dosa, ya koma kan kwamfutarsa.

Mama ta sauka lafiya, namiji. Abba kamar ya taka rawa a asibiti. Abokansa suka shiga hidima, aka yi cinikin rago ta hannun wani mahauci a Kampung Baru, matan ɗalibai suka raba aikin waina da zoɓo. Ana gobe suna, bayan magariba, Iya ta hura kaskonta kamar kullum, amma ba ta ɗora masara ba. Ta ce, "Kai, rufe abin nan ka zo ka zauna." Ta sa aka buɗe ƙofar ɗakin Mama don ita ma ta ji. Ba ta yi mana buɗin tatsuniya ba, mu ma ba mu nema ba.

Ta ce lokacin tana ƙarama, ana yaƙin Turawa, aka matsa lamba a kan kuza. Aka riƙa kwaso maza daga ƙauyukan ƙasar Hausa ana kawo su ramukan kuza na Bukuru aikin tilas, ɗiban gwamna ake ce masa. Mahaifinta heduma ne, wato shugaban leburori, shi ake damƙa wa mutanen, shi ke karɓar hatsinsu da bargunansu daga kamfani ya raba musu.

"Ba ya rabawa," in ji Iya. "Hatsin ya ba su rabi. Bargunan kuwa kasuwa yake kaiwa, sauran ya shigo da su gida. Kai ka san sanyin Bukuru da damina. Mutanen nan daga ƙasar zafi aka ɗebo su, daga su sai 'yar taguwa, wuni suke cikin ruwa."

A cikinsu akwai wani saurayi daga ƙasar Katsina, sunansa Nomau. Shi ya fafe mata 'yar ƙwarya daidai hannunta, ya koya mata juya ta har baƙin yashi ya kwanta. Yana ce mata ƙanwarsa ma kamar ita take, mai surutu. Da tari ya kama shi, yakan lallaɓo bayan madafar gidan su Iya da yamma ya jingina da bango don ɗumin murhu. Ran nan mahaifinta ya gan shi, ya kore shi da sandar nan mai kan azurfa, ya ce zai shafa wa iyalinsa ciwo. Bai ƙara kwana da yawa ba ya mutu. Aka haɗa shi da wasu aka zuba a tsohon rami, ba wanka, ba likkafani, ba sallah.

"Bayan an yi girbi sai ga wata tsohuwa a ƙofar gidanmu. Da ƙafa ta zo, ƙafafun duk sun tsage. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta ce ɗanta take nema, Nomau. Baba ya ce shi bai taɓa jin mai wannan suna ba, ta gwada wani bariki. Ina tsaye a zaure da ƙwaryar a hannuna. Na buɗe baki, Innata ta toshe min shi da tafinta, har yau ina jin warin daddawar hannun. Matar ta yi godiya. Godiya fa ta yi masa! Ta tashi ta tafi." Iya ta gyara gawayi da ɗan tsinke. "Daren nan da bargo na kwana. Ja ne, mai baƙin layi. Ina sane da ko na wa ne."

Ummi ta yi barci a cinyata, daga ƙasa ana jin ƙarar babura. Ni dai ji na yi kamar an tuɓe ni a tsakiyar kasuwa. Hoton nan da na ja tsohuwar mutane ta sunkuya masa! Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na kasa ko kallon ƙofar falo.

Abba ya ce, "Hajiya, ya rasu. Ya je Makka, ya yi sallah, Allah mai gafara ne. Kuma mahaifinki ne."

"Ubana ne, ban canza shi ba. Kullum ina roƙa masa gafara, wa zai roƙa masa in ba ni ba? Amma kai ka ce arnen can da guminsu ya gina asibiti. To shi ya ji kunya ya sayi tudu. Nawa uban har ya koma ga Allah bai taɓa cewa a je a duba ramin nan ba. Rufin kwanon da kake ba baƙi labarinsa, da bokon da ka yi har ya kawo ka nan, daga ina kake tsammani suka fito?"

Abba ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce, "Na riga na faɗa wa mutane. Na kira gida, kawunai duk sun sani. In na canza yanzu me zan ce musu?"

"Ban ce ka canza ba. Ɗanka ne. Ni dai na sauke abin da na ɗauko."

Da safe aka taru a falonmu har baranda, wani ɗalibi mai karatun shari'a ya yi huɗuba, aka raɗa suna Mahmud. Ga al'ada, yaron da aka sa wa sunan uban mace, ita ba za ta ƙara kiran sunan ba. Baba za ta riƙa ce masa, ko Abba, ta riƙa lallaɓa shi kamar uban ne ya dawo. Don haka matan suka yi caa a kanta da guɗa, "Hajiya an samu Baba! A miƙa wa Hajiya Babanta!" Aka ɗora mata shi a cinya. Ta dube shi ta daɗe. Sai ta jawo ɗan bargon da aka kawo cikin kayan barka, ta naɗe shi ruf a cikin wannan zafi, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Nomau. Sannu da zuwa, Nomau. Ka sha sanyi."

Wata matar ɗalibi ta fashe da dariya ta ce, "Kai Hajiya, wane irin sunan ƙauye ne wannan a Malesiya?" Aka yi ta dariya. Na dubi Abba. Yana tsaye a bakin ƙofa da farantin nama, kansa a ƙasa.

Da yamma Popo ta shigo da dafaffen ƙwai da aka rina ja, irin wanda suke kaiwa gidan haihuwa. Ta tambayi sunan yaro. Iya ta ce, "Dije, faɗa mata. Duka za ki faɗa mata, har bargon." Na roƙe ta da ido, ta kau da kai. Haka na tsaya a gaban hoton da na yi alfahari da shi, ina haɗa Malayanci ina sharar hawaye, na warware abin da na ƙulla da bakina. Ban taɓa jin nauyin harshe irin na ranar ba. Popo ta saurara har ƙarshe. Ba ta dubi hoton ba. Ta kama hannun Iya ta riƙe, ta ce in gaya mata mahaifinta ita ma a gidan cacar Tawke ya ƙare, kuma a asibitin Tawke ya mutu, ita har yau ba ta san ko godiya za ta yi masa ko tsinuwa ba, sai dai ta share kabarin kawunta ta dawo gida. Sannan ta sunkuya kan jaririn ta gwada sunan a bakinta, "No-mau."

Sunan ya bi shi. Mama ta fara, mu muka ɗauka, yaran bene suka mayar da shi Nomo. Abba ya yi wata da watanni yana cewa Mahmud shi kaɗai, kamar mai magana da bango. Ranar da yaron ya fara rarrafe ya nufi kaskon Iya, sai muka ji Abba ya daka tsawa, "Nomau, kai!" Iya tana zaune, ko murmushi ba ta yi ba, ta dai matsar da kaskon. Hoton kuma bai sauka daga bango ba, amma ban ƙara jin Abba ya nuna wa baƙo shi ba.

Yanzu na girma, a Bukit Bintang nake aiki a wani otal, Hausata ma ta miƙe, Iya ce ta miƙar da ita da zagi. Nakan wuce tsofaffin gine-ginen da attajiran zamanin Turawa suka bari, asibiti ko makaranta, da sunayensu a goshin ƙofa, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne ka yi arziki ka yi kyauta. Daga baya na ɗauka darasin shi ne duk mai arziki ɓarawo ne. Yanzu ban yarda da ko ɗaya ba. Tudun Tawke bai dawo da ran kowa ba, bai kuma wanke shi ba. Abin da Iya ta gani a wajensa ƙarami ne: an nuna masa rami, ya tambaya wane ne a ciki. Mu a gidanmu sai da aka yi jikoki da tattaɓa-kunne kafin a samu mai tambaya, kuma duk mun ci, mun yi karatu, mun hau jirgi da abin da ya fito daga ramin. Ina jin kunyar wannan har gobe, kuma ba na so ta sake ni.

Da Iya ta rasu muka je Bukuru gaisuwa, ni da Nomau, lokacin ya zama saurayi, ya fi Abba tsawo. Gidan kwanon yana nan, kawunai suna ta nuna mana ɗakin Alhaji da sandarsa. Na tambayi inda tsohon barikin leburori yake, wani tsoho ya kwatanta mana. Babu bariki, babu alamar kabari. Ramukan duk sun cika da ruwa sun zama tafkuna, kore shar, shanu na sha a gefe, mata na wanki. Ban san wanne ne ba, ba kuma wanda zan tambaya. Muka yi addu'a a bakin wanda ya fi kusa. Iska mai sanyi tana busowa, ƙanena ya zaga can ɗaya gefen yana ɗaukar hoto da waya, hannu ɗaya cikin aljihun rigar sanyi.

Ban shirya ba, kawai ji na yi na ɗaga murya yadda duk mai wanki sai da ta ɗago.

"Nomau!"

Sunan ya bi ta kan ruwan ya tsallaka. Yaron da duk rayuwarsa "yes" yake amsa min, ya juyo ya dube ni, ya sauke wayar.

Ya ce, "Na'am."